Bulaman da Ya Tuge Gamba Yana Makka

Tun da na dawo daga Injamena ban huta ba. Wadda ta gamu da ni a kasuwa sai ta ce, "Yagana, ya Chadi?" Wadda ta biyo ni gida unguwar Fezzan a nan Maiduguri kuwa, ba ta gama cire takalmi ba za ta ce in ba ta labari, wata ma ba labarin ne ya kawo ta ba, tsaraba take lalube da ido. To, bakina ya gaji. Ga shi nan na rubuta, kowa ya karanta da kansa, wanda bai gamsu ba hanya a buɗe take, ya je tasha ya hau mota.

Bari in fara da ku masu cewa "aikin kwamfuta" nake yi, alhali ba ku san ko mene ne ba. A cibiyar da nake aiki muna tara tsofaffin kaset na maganganun mutanenmu: wa'azi, huɗubar ɗaurin aure, sulhun gona a ƙofar bulama, wato mai gari. Mu saurara, mu buga maganar, sannan mu bi ta jimla-jimla muna sa mata alama. Kwamfuta ba ta san gaisuwa ba, ba ta san habaici ba, sai an gaya mata. Sai ka rubuta mata cewa nan gaisuwa ce, nan karin magana, nan zargi, kuma wane ne ya faɗa. Kamar buhunan wake ne a tasha, in ba a rubuta suna a jiki ba duk ɗaya suke a wurin ɗan dako. An kira mu Injamena ne don masu irin wannan aiki a ƙasashen da ke kewaye da tafkin Chadi mu daidaita alamominmu, a zuba komai a rumbu ɗaya wanda kowa zai iya buɗewa a wayarsa.

Kaset ɗin da na tafi da shi na Kawu Modu ne, yayan mahaifiyata, bulama a wani ƙauye can gefen Khaddamari. Shekarun baya wani Malam Bukar ya zargi maƙwabcinsa Alhaji Kyari da tuge gambar da ke kan iyakar gonarsu ya matsar da ita. Magana ta yi zafi har samari sun fara wasa adda. Kawu ya tara su a ƙofar gidansa, wani malamin makaranta ya kunna rikoda. Ya yi ta magana, ya yabi kakan wannan, ya yabi kakan wancan, ya tuna musu shekarar yunwa da gidajen biyu suka ci daga rumbu ɗaya. Da ya ga jiki ya yi sanyi sai ya ce, "Ni na tuge gambar nan. Hannuna ne ya yi. Malam Bukar, ka yafe mini." Malam Bukar ya ce ya yafe, aka mayar da gamba inda take, aka shafa fatiha. Kuma duk wanda ke wurin ya san lokacin da aka tuge gambar nan Kawu yana Makka.

Haka ake yi a wurinmu. Mai sulhu ya ɗauki laifin ya aza a kansa, wanda aka cuta ya samu haƙurinsa a gaban jama'a, wanda ya yi cutar bai sunkuyar da kai a gaban 'ya'yansa ba. Yanzu dattawan biyu sun rasu. Gidan Malam Bukar suna cewa Alhaji Kyari ya ba ubansu haƙuri ta bakin Bulama. Gidan Alhaji Kyari suna cewa ubansu bai taɓa amsa laifin komai ba. Kowa ya riƙe nasa, kuma injin ban ruwa ɗaya suke ja wa albasarsu da rani.

Da na je karɓar kaset ɗin, Kawu ya ce ai da shi za a tafi. Na ce, "Kawu, hanyar nan ba ta tsofaffi ba ce." Ya ce, "Muryata za ki kai wata ƙasa ni ina zaune ina gadin awaki?" Shi ya fi kowa son a adana maganar, don ya ce yaran yanzu sulhu a wurinsu shi ne a kira ɗan sanda. Na san halinsa, in ya kafe ko jaki ya sara masa. Na ce to.

Muka yi sammako tashar Muna, sannan muka zauna zaman jiran a buɗe hanya, don har yanzu sai da rakiyar sojoji ake bin ta. Wanda ya ce maka ga lokacin tashi, ƙarya yake. Kusa da ni wata Hajiya Bintu ce, mai kai hulunan zanna Kusuri, mace mai jiki da murya. Kafin mu kai Mafa ta san sunan mijina, ta san 'ya'yana nawa, ta kuma yanke hukunci cewa na rame. Ta buɗe kwanon burabusko da miyar kuka a cinyarta, mota na tsalle, ita ko ɗigo bai zuba ba. Ni da na karɓi loma ɗaya sai da ta sauka a laffayata.

Bayan Dikwa taya ta fashe. Direba ya sauka yana salati, don in ayari ya wuce ka bar ka, ka shiga uku. Maza suka taru a kan tayar, kowa ya zama injiniya. Kawu bai taɓa ko sifana ba, amma shi ya raba faɗan da ya tashi tsakanin direba da wani fasinja kan wa ya ce a ƙara lodi. Ban ji abin da ya ce musu ba, na dai ga sun dawo suna raba goro. Muka tarar da wutsiyar ayarin da ƙyar. A garin sauri aka bar butar Kawu a bakin titi, kuma har muka dawo gida bai daina jajenta ba.

A Gamboru muka sauka muka taka gada zuwa Fotokol, ƙasar Kamaru. Ku da kuke zaton iyaka wani babban abu ne, ɗan kogi ne, yara na wanka a ciki, wannan gaɓa da waccan duk Kanuri da Larabcin Shuwa ake yi. Wani matashin jami'i ya buɗe jakata ya ciro kaset ɗin, ya juya shi gaba da baya, ya leƙa ramukan. Wallahi bai taɓa ganin irinsa ba. Ya ce mene ne a ciki? Kawu, da ya taho da tsohuwar rikodarsa a buhu duk da na hana shi, ya ciro ta ya kunna. Matashin bai ji Kanuri ba, sai ya kira wani babba daga ciki, mai furfura a gemu. Wannan ya tsaya ya saurara har aka zo wurin "ni na tuge gambar nan." Sai ya dubi Kawu, ya cire hular aikinsa, ya gaishe shi da Kanuri, ya ce, "Wushe, Bulama. Allah ya biya ka." Ba wanda ya yi masa bayanin komai. Ya buga mana hatimi ya rako mu har bakin mota.

Hanyar Fotokol zuwa Kusuri ba zan ce komai a kanta ba, ƙashin bayana ne zai ba da labari. A Kusuri muka rabu da Hajiya Bintu, ta cusa mini hula ɗaya ta ce in kai wa maigida, ta kuma ce in riƙa cin abinci. Daga nan sai babbar gada, jama'a kamar an buɗe kasuwa a kanta, masu kura, masu tallan kifi, mata da kaya a ka. Da ka sauka ka shiga Injamena.

Abin da ya fara ba ni tsoro babura ne. Mu da aka hana su a Maiduguri tun shekaru, har na manta ƙararsu, mun saba da Keke Napep. Can kuwa kamar ƙudan zuma. Kawu ya tattare babbar riga ya hau bayan wani, ya rungume rikodarsa, ya ce da yaron, "Ɗana, ba gaggawa nake ba, lahira ma ba na son in riga kowa." Mai babur bai ji Hausa ba, ya fizge shi. Na iske shi a ƙofar masauki hula a hannu, yana dariya kamar ƙaramin yaro.

Masaukin ba laifi, sai dai ruwan famfo da rana zai iya dafa ƙwai. Da safe a kawo maka dogon burodi mai tauri kamar sanda da jan shayi wanda sukarinsa ya fi ruwansa. Kawu ya ƙwanƙwasa burodin a tebur ya tambaya ko ba su da kunu. Da rana kisra suke ci, wata 'yar siririyar waina mai tsami, da miyar kuɓewa, kuma na ci gasasshen naman raƙumi har na ji kunya. Zoborodo kuwa karkanji suke ce masa. Da azahar gari ya mutu, shago a rufe, ofis a rufe, ba mai neman kowa sai la'asar. Mu da muke tsaye a kasuwa rana na dukan ƙeya muna cewa neman halal, na ce anya ba su suka fi mu hankali ba? Matansu dai laffaya irin tamu, turaren wuta irin namu, in ba su buɗe baki da Faransanci ba sai ka ce a unguwarmu ta Shehuri kake.

Mai jagorar taron Malama Zenaba ce, 'yar Chadi, ta tashi a unguwar Hausawa don haka Hausarta ta fi tawa daɗi. Balaga ta karanta, wato ilimin fasahar magana, kafin ta shiga harkar kwamfuta, kuma kullum tana gaya mana cewa mai sa alama ba magatakarda ba ne kawai, shi ma magana yake yi. In ka sa wa jimla alamar "roƙo" ka ce wani abu, in ka sa mata "barazana" ka ce wani abu daban, kuma mai karatu zai gaskata ka fiye da mai maganar, don kai ba ya ganin ka. Na so matar nan. Kawu kuma ya ƙi zama a masauki, kullum yana kujerar baya da carbinsa, har 'yan taron suka saba suna kai masa shayi.

Tsarin da aka amince da shi na maganganun sulhu mai kyau ne, ba zan zalunce shi ba. Kowane mutum a sa masa matsayinsa: mai ƙara, wanda ake ƙara, mai sulhu, shaida. Kowace magana a sa mata aikinta: zargi, musu, amsa laifi, yafewa. In kuwa mai sulhu ne ya amsa laifi, to akwai gurbin da za a cike, a madadin wa ya amsa. In ba ka cike ba, kwamfuta ta ja jan layi ta ƙi karɓa.

Na zo kan jimlar Kawu, na sa "amsa laifi," na sa "mai sulhu," jan layi ya fito. Hannuna har ya fara buga sunan Alhaji Kyari, sai na tuna jikokinsa biyu suna jami'a, kuma kowannensu da waya a hannu. Na kira Malama Zenaba, na kira Kawu, na karanta masa abin da ke kan allon da Kanuri.

Ya ce, "Wa ya ce a madadin wani na yi?"

Na ce, "Haba Kawu, kowa ya sani."

"Kowa ya sani, wa ya faɗa? Kin ji wani ya faɗa a cikin kaset ɗin?"

Ban ji ba. Malama Zenaba ta jawo kujera ta zauna. Ta ce, "Baba, sai mu ɓoye sunayen, mu ce mai gona na ɗaya da mai gona na biyu."

Kawu ya yi murmushi. "'Yata, a garinmu gona biyu ce aka taɓa tuge wa gamba. Ko kin ce musu kaza da zabo za a gane su."

Ta ce akwai alamar da ake sawa in ba a tabbatar ba. Ya ce in aka rubuta ba a tabbatar ba, gidan Malam Bukar za su ce ashe haƙurin da aka ba ubansu ma shakka ake yi a kansa. Sai ta ce ita ta gina gurbin, ita za ta iya kwance shi. Za ta bar shi ya zama ba dole ba. Sai a rubuta mai sulhu ya amsa laifi, a tsaya nan. Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, har na ƙara da cewa zan sa ɗan bayani a ƙasa cewa lokacin yana aikin hajji.

Kawu ya ce, "Kul. Cire hajjin. Cire mai sulhun ma."

Na ce, "Kawu, to me zai rage?"

"Sunana da abin da na faɗa. Yagana, mutum uku ne a maganar nan. Ɗaya an cuce shi. In kin wanke ni, wa ya rage? Ranar nan ban ce ina wasa ba, ban ƙifta wa kowa ido ba. Na ce hannuna ne. Da na bar ƙofa ko kamar ta allura, da Bukar bai yafe ba, da Kyari bai zauna ba. Ke yanzu za ki zo bayan sun mutu ki buɗe ta?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce masa wannan rumbu ba na Khaddamari ba ne, na duniya ne. Wanda ke wata ƙasa bai san al'adarmu ba, zai karanta cewa wani bulama ya tuge iyakar talakansa. Mutumin da ko kazar wani bai taɓa ci ba! Kuma ni aikina in rubuta abin da na sani, ba in ɓoye shi ba. Har na ce to mu janye kaset ɗin gaba ɗaya, a huta.

Ya ce, "In kin janye, yaran da za su zo su ji yadda ake yi a ina? Na gida in sun ji za su gane. Na waje kuma ba su da gona a Khaddamari."

Na juya ga Malama Zenaba ina neman ta taya ni. Ta ce ita ba za ta ce mini aikin ya cika ba, don bai cika ba, kuma duk wanda ya zo nazari a kansa zai iya ɓata. Amma ta ce jawabin nan an gina shi ne a kan abin da ba a faɗa ba, in muka faɗa a cikin alama mun adana kalmomin mun rushe jawabin. Ta ce ni ce mai kaset, ni zan zaɓa. Ta tashi ta bar ni da shi, shi kuma ya koma kujerarsa ya ci gaba da jan carbi kamar ba shi ya tayar da ƙurar ba.

Na daɗe ina kallon allon. Ina tuna injin ban ruwan nan da samarin gidajen biyu suke ɗauka tare a kan amalanke. Daga ƙarshe na goge "mai sulhu." Tsarin ba ya karɓar mutum ba matsayi, kuma wanda ya amsa laifi da bakinsa, ba a madadin kowa ba, matsayi ɗaya ne ya rage masa. Da hannuna na sa wa Kawu Modu "wanda ake ƙara." Jan layin ya ɓace.

Ranar rufe taro aka haska rumbun a bango don a gwada shi. Malama Zenaba ta ce a nemo duk inda aka amsa laifi. Sunaye suka jero daga ƙasashe huɗu, ga na Kawu a ciki, da fassarar maganarsa a ƙasa. Wani malamin jami'a daga Yawunde, mutum mai ladabi wanda kullum shi ke fara gaishe da Kawu, ya karanta, ya waiwaya baya, ya sake karantawa. Da aka tashi ya same ni ya yi ƙasa da murya, ya tambaye ni da Turanci, wai tsohon nan da muke shan shayi da shi, shi ne ya ci iyakar gonar mutane? Ba da wulaƙanci ya tambaya ba, abin ne ya ba shi mamaki.

Kawu yana gefena. Ya ce, "Me ya ce?"

Na so in ce gaisuwa ce. Na kasa, na gaya masa.

Ya gyara hularsa, ya dubi mutumin ido cikin ido, ya ce, "Ce masa ni ne."

Na faɗa. Malamin ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce aƙalla ya yi ƙoƙari da ya amsa, ba kowa ke iyawa ba. Ya wuce, kuma da muka haɗu a bakin ƙofa bai miƙa wa Kawu hannu kamar kullum ba, kai kawai ya ɗaga masa. Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, na wanke fuska na fito. Na tarar da Kawu yana tambayar mai shayi ko a kasuwarsu ana samun buta mai kyau.

Dawowa ba wani labari, hanyar ce dai, tayarmu ma ba ta fashe ba. Na raka shi har ƙauye. Muna sauka babban ɗan Alhaji Kyari ya zo ya karɓi buhun rikodar, ɗan Malam Bukar ya kawo tabarma, suka zauna gefe da gefe suna yi masa barka da hanya, suna tambayarsa ko gaskiya ne a Chadi ana cin raƙumi.

To, kun ji yadda Chadi take. Rumbun zai buɗe ba da daɗewa ba, kuma na san cikinku akwai masu bincike da za su ga sunan kawuna a inda na sa shi. Kada wadda ta zo Fezzan ta ja ni gefe tana tambayata gaskiyar magana. Shi ne ya tuge.